Yara Goma Sha Bakwai da Ba Su Cikin Fom

Karo na huɗu ke nan Zakiyya tana ƙirga yaran da ke cikin takardun fom ɗin nan, karo na huɗu kuma suna ba ta sittin da ɗaya. Ta ture su gefe, ta jawo littafin da ta zana ɗakunan mutane a ciki, ta bi shafi-shafi da bakin biro. Saba'in da takwas. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Na shiga uku ni Zakiyya!"

"Da sassafen nan?" in ji mahaifiyarta, Umma Hajaratu, ba tare da ta ɗago daga tiren shinkafar da take tsincewa ba.

Digiri na biyu Zakiyya take yi a wata jami'a a nan Enugu, a fannin da ake kira antiropoloji na aiki. Wato ka shiga cikin mutane, ka zauna da su, ka gane yadda suke tafiyar da rayuwarsu, sannan ka yi amfani da abin da ka gano a warware musu wata matsala. Babanta, wanda ya shekara talatin yana sauke albasa a garin, da aka yi masa wannan dogon bayani sai ya ce, "Au, karatun sa ido ke nan." Tun daga ranar sunan ya bi ta a gidan.

A kwas ɗin binciken cikin jama'a, malamarsu Dakta Ezeani ta haɗa kowane ɗalibi da matsala ta gaske. Da yake Zakiyya haifaffiyar unguwar Obiagu ce, ga Hausa a baki ga Igbo a baki, sai aka ba ta wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu. Ma'aikatan wajen suna kuka da cewa duk yaron Bahaushen da ke cikin rajistarsu sun yi masa allurar ƙyanda, amma ga ƙyanda nan tana ta ɓullowa a unguwar. Aiki biyu aka ba ta. Makon farko ta shiga ɗaki arba'in, ta tambayi kowace uwa yara nawa gare ta 'yan ƙasa da shekara biyar, ta rubuta a fom. Mako na biyu ta koma ɗakunan nan dai, ta zauna ta kama bakinta, ta zana ɗaki, ta ƙirga yaran da ke kwana a ciki da idonta. Fom ya ce sittin da ɗaya, ido ya ce saba'in da takwas.

Jiya Dakta Ezeani ta ajiye takardun biyu a kan tebur, ta kalle ta ta saman gilashi. "Ɗaya daga cikin lambobin nan a gindin bishiyar mangwaro kika zauna kika ƙirƙiro shi. Gobe ƙarfe biyu ki tsaya gaban aji ki gaya mana wanne ne. In babu bayani, sai mu haɗu baɗi."

Shekara guda cur! Kuma ba maimaita kwas ɗin ne ya fi ci mata rai ba, illa a ce mata maƙaryaciya. Ita da ta yi mako biyu tana tsallake kwata cikin ruwan sama har takalminta ɗaya ya tsinke.

"Wataƙila tambayar ce ban iya yi ba," ta ce da kanta. Ta zaro sabon fom, ta matso kusa da tiren. "Umma, bari in gwada da ke. Ki ɗauka ba ki san ni ba. Salamu alaikum, Hajiya, ina kwana?"

"Ke dai ba ki da aikin yi. Lafiya lau."

"Sunanki?"

"Hajaratu."

"Haihuwarki nawa?"

"Huɗu."

Zakiyya ta rubuta huɗu. Biro ya riga ya wuce layi na gaba kafin kanta ya iso.

"Nawa?"

"Huɗu mana. Hafizu, Haidar, Rahama, sai auta Kamila."

"Umma! Ni fa? A bola aka tsinto ni?"

Umma ta hure ƙaiƙayi daga tiren, ta kawar da fuska. "Ke, tashi ki ba ni waje."

Ke. Shekara ashirin da shida sunanta ke nan a bakin wannan mata. "Ke, zo nan." "Ku kira min yayarku." "Waccan ta dawo?" Zakiyya ta san dalili sarai: kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna shi da baki ta ce nata ne. Kai, har shafi biyu ta taɓa cikawa a kan wannan al'ada a jarrabawar zangon farko, da Turanci mai kauri, ta ci maki mai kyau. Sanin dalilin dai bai taɓa hana abin sosa mata rai ba. Tana ƙarama, in ta ji Umma na kiran "Rahama, Rahamatu 'yar albarka," sai ta shige bayan ƙofa ta yi ta hawaye ita kaɗai.

Yau ma ta buɗe baki za ta yi ƙorafi, sai idonta ya faɗa kan huɗun da ta rubuta. Ta kalli lambar. Ta kalli Umma. Ta sake kallon lambar.

Ta fizgo littafin zane. A kowane ɗaki ta rubuta kimanin shekarun yaran da ta gani. Ta ɗora fom a gefen zane, ɗaki bayan ɗaki. Ɗaki na uku, fom ya ce biyu, zane ya ce uku, kuma wanda ya ɓace shi ne babba. Ɗaki na bakwai, babba. Na tara, babba. Ɗaki goma sha bakwai, kowanne yaro ɗaya ne ya ɓace, kuma ko sau ɗaya ba a sami ƙarami a cikinsu ba.

"Allahu Akbar! Umma! Umma, kin gama min aiki!"

Ta yi tsalle har ta taka bakin tiren, shinkafa ta watse a tabarma.

"Innalillahi! Yau waccan ta haukace. Rahama, zo ki ga yayarki!"

Kafin Rahama ta fito, Zakiyya ta zura hijabi a bai-bai, ta saka takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Kamila, ta yi waje. A bakin ƙofa ta kusa bangaje maƙwabciyarsu Mama Nkechi, wadda ke shigowa da bokiti tana kwaɗa kira, "Mama Zakiyya! Mama Zakiyya, ruwa ya zo a famfonku?" Ta ji Umma ta amsa daga ciki, ita kuwa ta ci gaba da gudu.

Ƙarfe tara da rabi. Lamba a takarda ba za ta ishi Dakta Ezeani ba, sai ta ji daga bakin uwa.

Ta fara da ɗakin Sa'a, wata matashiya daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, wadda mijinta ke tura baro a kasuwa. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu a jere, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida. Ta tarar da Sa'a tana wanki da goyo a baya, 'yar shekara biyu na riƙe da zanenta. Can gefe wata yarinya mai kimanin shekara huɗu tana dafa ƙasa a gwangwanin tumatir.

Duk da saurin da take yi, sai da Zakiyya ta tsaya aka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mai gida, yaya yara, an ji labarin gida? Sannan ta tsuguna gaban mai gwangwani.

"'Yan mata, yaya sunanki?"

"Lami."

"Lami, wace ce mamanki?"

Yarinyar ta miƙa ɗan yatsa mai ƙasa, ta nuna Sa'a. Sa'a ta saki wanki, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska tana dariya.

"Kai, Anti Zakiyya! Me ya kawo wannan magana kuma?"

"Ranar da na zo kin ce min biyu."

"To ai biyun ne. Ga Firdausi, ga na goye."

"Ita wannan fa?"

"Waccan? Haba Anti, da kunya mana. In buɗe baki in ce miki ga tawa ta fari, sai ka ce wadda ba ta da mafaɗi? Mutanen gidan nan ma da suka fara kirana da sunanta, sai da na roƙe su suka koma Mama Firdausi."

Zakiyya ta ji kamar ta rungume ta. Ta daure, ta tambayi abin da ya kawo ta. "Da masu allura suka zo fa?"

"Suka ce kowa ta fito da 'ya'yanta. Na fito da waɗannan."

"Ita ba a yi mata ba?"

Dariyar Sa'a ta ɗauke. Ta kalli yarinyar ta gefen ido, ta yi ƙasa da murya. "A garinmu ba ni zan kai ta ba. Kakarta ce. Ita ke mata wanka, ita ke kai ta asibiti, a ɗakinta ma take kwana. To nan wa gare ni? Na yi ta jira ko wata za ta ce kawo ta in riƙe miki, ba wadda ta ce. Wallahi Anti, da na ji ƙyanda ta shiga gidan can na baya, kwana uku ban iya cin abinci ba."

Nan murnar Zakiyya ta koma ciki. Ta kalli Lami, wadda ta koma kan girkinta na ƙasa, ba ruwanta. Ta rubuta maganar Sa'a kalma-kalma, bayan ta nemi izininta kuma ta yi mata alkawarin ba za a ambaci suna ba.

Kafin azahar ta shiga ɗaki shida. Duk inda ta je, yaron take tambaya ko maƙwabciya, uwa kuwa ta sunkuyar da kai ko ta shige ɗaki. Shida cikin shida 'yan fari ne. Biyar ba su da katin rigakafi ko na nuna wa baƙo. Ta yi salla a ɗaki na ƙarshe, ta fito titi tana ɗaga wa keke hannu biyu.

"Oga, abeg, ka tashi sama da mu!"

Mai keke ya kalli takalmanta, ɗaya baƙi ɗaya ruwan hoda, ya girgiza kai ya ja. Go-sulo ya riƙe su wajen shataletale minti ashirin. Ita kuwa tana ta rubutu a bayan fom, tana magana ita kaɗai, tana dariya, har matar da ke kusa da ita ta ɗan matsa.

Biyu da minti huɗu ta faɗa ajin. Ɗalibai goma sha ɗaya suka juyo. Dakta Ezeani ta kalli agogo, ta kalli takalman, ta nuna mata allo da haɓa.

Babu furojekta, babu hotuna, alli kawai ta ɗauka. Ta rubuta 61 a hagu, 78 a dama.

"An ce in faɗi wacce ce ƙarya," ta fara da Turanci, numfashinta bai gama dawowa ba. "Babu ƙarya a ciki. Wannan abin da uwaye za su iya faɗa ne. Wannan kuma abin da ke cikin ɗakin."

Ta yi musu bayanin kunyar ɗan fari. Ta nuna ɗakuna goma sha bakwai. Ta karanta maganar Sa'a ba suna. Tana yi muryarta na ƙara tashi, alli na karyewa tana ɗaukar wani.

Wani ɗan ajinsu, Obinna, ya ɗaga hannu yana dariya. "Tsaya, tsaya. Mu nan da sunan ɗan fari ake kiran uwa, tana taƙama da shi. Ku kuma ɓoye shi kuke yi? Wato ba ku son shi ke nan?"

"Wa ya gaya maka?" Ta juyo kansa da zafi. "Ba a yar da ɗan fari, miƙa shi ake yi ga kaka. Kaka ce ke faɗin sunansa, ita ke yin taƙamar, ita ke kai shi asibiti. Matan nan sun taho Enugu da kunyarsu, amma kakannin suna can gida. Rajistar asibiti daga bakin uwa aka cika ta, shi ya sa yaran ba su ciki. Ma'aikatan ba su yi ƙarya ba da suka ce sun yi wa kowa allura. Kowa ɗin ne bai cika ba."

Dakta Ezeani ta cire gilashi.

"To me asibitin zai yi? A tara matan a ce su daina kunya?"

"A'a, Dakta, ba wadda za ta zo taron. A daina tambayar uwa ita kaɗai, a tambayi ta ɗakin kusa. Sannan ranar allura a tafi da dattijan matan unguwa, waɗanda suka daɗe a garin. Su za su kama hannun yaro su ce wannan jikana ne, su faɗi sunansa. Uwar tana tsaye, ba ta ce uffan ba, an yi wa ɗanta allura."

"Tambaya ɗaya," in ji Dakta. "Ke 'yar unguwar ce, harshenki ne. A zangon farko ni na duba takardarki, shafi biyu kika rubuta min a kan wannan al'adar. Yaya aka yi kika yi mako biyu ba ki gan ta ba?"

Zakiyya ta kalli allin da ke hannunta. "A takarda na san ta, Dakta. Ban taɓa zaton tana shiga lissafi ba, sai yau da safe da na tambayi mahaifiyata haihuwarta nawa, ta ce huɗu. Mu biyar ne. Ni ce ta fari."

Obinna ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Dakta Ezeani ta mayar da gilashi, ta yi rubutu a takardarta na ɗan lokaci. "Na janye maganar bishiyar mangwaro," ta ce. "A gaban aji na janye ta. Sauran ɗakuna goma sha ɗaya ki gama su kafin Juma'a. Litinin ni da ke za mu je asibitin. Kuma don Allah ki zo da takalmi iri ɗaya."

Aji ya fashe da dariya da tafi. Zakiyya ta fito tana jin kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. A hanya ta kira Babanta a waya, ta ce masa karatun sa ido ya yi rana. Ya ce ta bari sai ya dawo, mota na sauke kaya.

Bayan la'asar ta iso gida. Tun daga zaure take zuba labari. Ta tarar da Umma a bakin murhu, Mama Nkechi na zaune a kan turmi tana ɓare agushi. Zakiyya ta kwashe komai ta faɗa, da Hausa da Igbo a cakuɗe, har da kwaikwayon yadda Dakta ke cire gilashi. Ta ƙare da cewa ana neman dattijan mata ranar allura, kuma ta riga ta sa sunan wata, tana satar kallon Umma.

Umma tana ta juya miya. "Yarinyar nan mai gwangwani ki ce uwarta ta kawo min ita gobe, ba sai Litinin ba," ta ce. Sannan ta ɗaga murya, "Rahama, zuba wa yayarki abinci."

Shi ke nan. Ba sannu, ba Allah ya yi albarka. Zakiyya ta ji tsohon ciwon nan ya motsa, daidai inda yake motsawa tun tana ƙarama. Duk ajin sun tafa mata, amma ita tafin mutum ɗaya take so, kuma ta san ba za ta samu ba. Umma ta ɗauki tukunya ta shige ɗaki.

Mama Nkechi ta bi ta da kallo, ta ƙyalƙyale da dariya. Hausarta ta zama ce, shekara talatin katanga ɗaya.

"Wannan mamanki, hmm. Kin ce waccan matar ta hana a kira ta da sunan 'yarta ta fari? To lokacin da aka haifi Hafizu, kakarki ta zo daga Kano. Ta ji muna cewa Mama Zakiyya, ta ce haba, wannan abin kunya ne, daga yau Mama Hafizu. Muka ce to. Sati ɗaya ina tsayawa nan ina kira, Mama Hafizu, Mama Hafizu! Shiru, kamar da bango nake. Ga ta nan zaune fa, tana jina. Rana ta takwas na gaji, na ce Mama Zakiyya! Kafin in rufe baki ta ce na'am."

Zakiyya ta tsaya da cokali a hannu.

"Kakarki ta yi faɗa har ta gaji ta koma Kano. Ita kuwa ta ce wai kunnenta ne bai saba ba." Mama Nkechi ta karkaɗe ɓawon agushi daga zanenta. "Shekara ashirin da huɗu yanzu, kunnen bai saba ba."

Labule ya motsa. Umma ta fito da fuska a ɗaure, alamar ta ji komai. A hannunta akwai fom ɗin safe, wanda Zakiyya ta yar a tabarma, da 'yan ƙwayoyin shinkafa manne a jikinsa. Ta ajiye shi kusa da kwanon abincin, idonta na kan murhu.

"Ke. Wannan takardar taki, in za ki kai wa malamar, ki gyara ta."

Zakiyya ta ɗauki fom ɗin, ta ce, "In sa nawa, Umma?"

Umma ta tsuguna tana tura itace cikin wuta.

"Duk bokon nan da kika yi, ƙirga ma sai an koya miki?"